Martani Ga Mai Cewa Digirin Tsaron Intanet Ɓata Lokaci Ne

Na karanta maƙalar da wani ɗan'uwa marubuci ya fitar kwanan baya, wadda a ciki ya ja kunnen iyaye kada su bari 'ya'yansu su zaɓi fannin tsaron intanet da binciken ƙwaƙwaf na na'urori a fom ɗin JAMB. A ganin Malam marubucin, shekara huɗu ko biyar a jami'a kan wannan fanni asarar lokaci ce da ta kuɗi. Ya ce abin da yaro ke buƙata laftof ne, da data, da kwas na wata shida, sai satifiket ɗin wani kamfanin Amurka. Ya ƙara da cewa ilimin yana tsufa tun ɗalibi bai bar aji biyu ba, jami'o'inmu kuma ba su da kayan koyarwa, sannan ya rufe da tsoratarwa cewa abin da za a girba shi ne ƙarin 'yan Yahoo masu digiri. Maƙalar ta zagaya, har na fara jin iyaye suna maimaita ta a majalisa, shi ya sa na ga bai kamata ta wuce ba a tanka ba.

Ban zargi Malam da mugun nufi ba. Duk wanda ya ga yadda masu digiri ke yawo da takardu a hammata dole ya ji wa iyaye tsoron asara. Sai dai ginin nasa gaba ɗaya yana kan fahimta guda ne, cewa aikin bai wuce iya sarrafa manhaja ba: ka buɗe wayar da aka kulle, ka dawo da hoton da aka goge, ka gano inda layi yake. In da nan aikin ya tsaya, da ni ma na sa hannu a ƙarƙashin maƙalarsa. A kasuwar waya ta Farm Center a Kano akwai samarin da za su yi maka wasu daga cikin waɗannan kana tsaye, kuma da yawansu ba su taɓa taka jami'a ba. Amma aikin mai binciken na'ura ba a teburin gyara yake ƙarewa ba. A akwatin shaida yake ƙarewa, gaban alƙali, ga kuma lauyan da aka biya musamman don ya nuna wa kotu cewa ba ka san abin da kake faɗa ba.

Malam bai ambaci kotu ko sau ɗaya ba a maƙalarsa, kuma a nan ya yi tuntuɓe. Dokar Shaida ta Najeriya ta 2011, a sashe na 84, ta gindaya sharuɗɗa kafin a karɓi duk wata hujja da ta fito daga kwamfuta. Sai an nuna cewa ana amfani da na'urar a kai a kai wajen irin wannan aiki, cewa tana aiki daidai a lokacin, ko kuma matsalar da ta samu ba ta taɓa sahihancin bayanin ba, sannan wani mai alhakin kula da ita ya yi bayanin yadda aka fitar da takardar. Ba a daɗe da kafa dokar ba aka gwada ta. A 2012, a shari'ar Kubor da Dickson kan zaɓen gwamnan Bayelsa, an gabatar da shafin jaridar Punch da jerin 'yan takara da aka buga daga shafin hukumar zaɓe na intanet. Kotun Ƙoli ta ce ba su karɓu ba, domin ba a cika sharuɗɗan sashe na 84 ba. Ba a ce takardun ƙarya ba ne. An ce ne ba a bi hanyar da za a tabbatar da gaskiyarsu ba. Wanda ya bi shari'ar zaɓen shugaban ƙasa na 2019 zai tuna yadda maganar sabar hukumar zaɓe ta cika gari, amma da aka je gaban alƙalai aka ce ba a tabbatar da ita ba. A 2023 an yi wa dokar gyara don ta ƙara rungumar bayanan lantarki da sa hannu na dijital. Wato ƙofar sai ƙara faɗi take yi, masu tsaron ƙofar kuwa ba mu tanade su ba.

Bari in ɗan tsaya a kan yadda aikin yake, domin da yawan masu tofa albarkacin bakinsu ba su taɓa ganin yadda ake yinsa ba. Idan aka kama waya a hannun wanda ake zargi, abu na farko shi ne a raba ta da sabis, a sa ta cikin jakar da ke toshe sigina, don kada wani daga nesa ya aiko da umarnin goge ta. Ba a bincike a kan wayar kanta. Ana ɗaukar kwafin abin da ke cikinta ne, idan kuma rumbun ajiyar kwamfuta ne sai a haɗa shi ta na'urar da ke barin a karanta amma ta hana a rubuta ko da ɗigo. Daga nan a lissafa wa kwafin wata doguwar lamba ta hanyar tsarin lissafi irin SHA-256, lambar da za ta sauya gaba ɗaya idan aka taɓa harafi guda a cikin bayanan. Da ita ake tabbatar wa kotu, ko bayan shekara uku, cewa abin da ke gabanta shi ne abin da aka ɗauka ranar farko. Sannan kowane hannu da wayar ta ratsa sai an rubuta: wa ya karɓa, daga wa, a wane lokaci, ya ajiye ta a ina. Ɗalibin ilimin hadisi ba zai ga wannan baƙon abu ba. Malaman isnadi ba su karɓar magana don ta yi daɗi ko ta yi kama da gaskiya, sai sun bi mazajen da suka ruwaito ta ɗaya bayan ɗaya, kuma giɓi guda a silsilar ya isa ya raunana ruwayar. Haka hujjar na'ura take. Shi ya sa idan dangi suka fara kai wayar wanda aka sace ko aka kashe wurin mai gyara don ya duba musu, sau da yawa sun lalata shari'ar da hannunsu ba su sani ba, duk da cewa mai gyaran gwani ne a sana'arsa.

Bayan an ɗauki kwafi kuma sai babban aikin ya fara, wato fassara abin da aka gani. Na'urori da yawa suna ajiye lokaci ne da agogon duniya, wanda agogon Najeriya da Nijar ya riga da awa ɗaya. Mai binciken da bai lura da wannan ba zai iya ɗauke mutum daga sahun sallar Isha ya ajiye shi a wurin da aka yi fashi. Adireshin intanet da aka gani an yi zamba da shi, a kamfanonin waya, mutane da yawa ne ke tarayya a kansa a lokaci guda, don haka shi kaɗai bai nuna mutum ba. Ƙarfen sabis yana nuna yanki ne, ba ya nuna gida, balle ɗaki. Layi kuwa, duk da haɗa shi da lambar NIN da aka fara tun Disambar 2020, kowa ya san akwai layukan da ke ɗauke da sunan wani alhali suna aljihun wani. Tsohuwar da aka yi wa rajistar layi a ƙauye, ɗan acaɓar da ya sayi waya ta hannu ba tare da sanin an ƙwace ta ba ne, mai POS ɗin da kuɗin sata suka ratsa ta asusunsa: waɗannan su ne ke kwana a bayan kanta idan mai binciken ya iya latsa manhaja amma bai san iyakar abin da manhajar ke iya faɗa ba.

Kada Malam ya ɗauka wannan tsoro ne na ƙasar da ba ta ci gaba ba. A 2011, a jihar Florida ta Amurka, an gurfanar da wata mata bisa zargin kashe 'yarta. Masu gabatar da ƙara suka shaida wa kotu cewa an shiga wani shafi mai bayani kan sinadarin kulorofom sau 84 daga kwamfutar gidan. Wata manhajar bincike ce ta ba da wannan adadi. Wata manhajar daban ta ce sau ɗaya ne. Daga baya wanda ya ƙirƙiri manhajar farkon da kansa ya sake dubawa ya gano cewa kuskuren nasa ne, sau ɗaya ne. Shari'a ce da hukuncin kisa ke iya biyo bayanta. Wanda zai gane wace manhaja ce ta yi gaskiya sai wanda zai iya ajiye su duka biyun ya buɗe ainihin fayil ɗin ya karanta shi da idonsa, ya san yadda aka tsara shi tun daga tushe.

Abin da ya faru a Birtaniya ya fi wannan muni. Daga 1999 zuwa 2015, an gurfanar da masu kula da ƙananan gidajen waya fiye da 900 bisa zargin sata ko ha'inci a lissafi, saboda wata manhajar lissafin kuɗi mai suna Horizon, ta kamfanin Fujitsu, tana nuna giɓi a asusunsu. Mutane sun sayar da gidaje sun biya kuɗin da ba su ci ba, an ɗaure wasu, har da mace mai juna biyu, wasu sun mutu da tabon sata a sunansu. Kotuna sun yi ta tafiya a kan zaton cewa kwamfuta ba ta kuskure. Sai a 2019, bayan mutum 555 sun haɗu sun kai ƙara, kuma ƙwararru sun tone cikin manhajar, babbar kotu ta tabbatar da cewa tana cike da kurakurai. A 2021 kotun ɗaukaka ƙara ta wanke mutum 39 a zama guda, a 2024 kuma majalisa ta yi doka ta musamman don soke sauran hukunce-hukuncen. Wannan a ƙasar da ke da lauyoyi da jaridu masu haƙora ke nan. To ina ga talakan Ɗambatta ko Gumel da banki ya ce na'ura ta nuna shi ya cire kuɗi? Wa zai tsaya masa ya ce a kawo bayanan na'urar mu duba? Mutumin da zai iya wannan yana buƙatar sanin tsarin kwamfuta, da rumbun bayanai, da hanyoyin sadarwa, da lissafi, da doka, da rubuta rahoton da alƙalin da bai san kwamfuta ba zai fahimta. Ni ban san wata shidan da za ta ɗauki wannan kaya ba.

Sai maganar cewa ilimin yana tsufa. Abin da ke tsufa shi ne sunan manhaja da wurin da maɓalli yake, kuma shi ne ainihin abin da gajerun kwasa-kwasai suka fi koyarwa. Tushen kuwa yana nan daram. Dabarar warware rubutun sirri ta hanyar ƙirga yawan maimaituwar haruffa, Al-Kindi ne ya bayyana ta a Bagadaza tun ƙarni na tara, kuma har gobe da ita ake buɗe darasin. Tsarin RSA da ke cikin abubuwan da ke kare hulɗarka da banki an fitar da shi a 1977, ginshiƙinsa kuwa wahalar gano lambobin da aka ninka suka ba da wata ƙatuwar lamba. Ƙa'idojin da intanet ke tafiya a kansu an koma musu tun 1983. Irin ɓarakar da tsutsar Morris, wata muguwar manhaja, ta bi ta addabi kwamfutoci a 1988, wato cusa wa manhaja bayanin da ya fi ma'ajinta, har yau ana samun ta a sababbin kayayyaki. Dabarar yaudarar rumbun bayanai ta gurbin da ake rubuta suna an yi bayaninta tun 1998, kuma har yanzu da ita ake fasa shafuka. Idan wani abu ya faɗi kuma, kamar yadda masu bincike a Sin suka karya tsarin lissafi na MD5 a 2004, Google da wata cibiya a Amsterdam suka karya SHA-1 a 2017, mai tushen lissafi ne ke gane abin da ya karye da abin da ya rage, ya kuma iya amsa lauyan da zai taso masa da maganar a kotu. Abin ban dariya, satifiket ɗin da Malam ke yabo shi ne mai ranar mutuwa a rubuce. Na CompTIA Security+ shekara uku yake yi, sai a sabunta shi.

Da dala kuma ake sabunta shi, da dala ake sayensa. Nan ne na fi mamakin Malam, mutumin da ya ce tausayin aljihun iyaye ne ya sa shi rubutu. Jarrabawar shiga fagen kawai ɗaruruwan daloli ce, masu nauyi irin OSCP sun haura dala dubu, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi yake naira 70,000 tun 2024. Ka faɗi, kuɗinka sun tafi. Ɗan jami'ar gwamnati kuwa yana iya neman lamunin NELFUND ya biya kuɗin makaranta, ya yi hidimar ƙasa, ya shiga aikin gwamnati a mataki na 08. Hukumomin da ke da hurumin kama waya da izinin kotu, irin su EFCC da cibiyar yaƙi da laifukan intanet ta 'yan sanda da ke Abuja, na gwamnati ne, kuma a aikin gwamnati takardar makaranta ce ke yanke matakin da za ka shiga da inda za ka iya kaiwa. Ko satifiket ɗin CISSP da manyan kamfanoni ke girmamawa yana neman gogewar shekara biyar a bakin aiki, yana kuma yafe shekara ɗaya ga mai digiri. Ashe su kansu masu satifiket ɗin ba su raina digiri kamar yadda Malam ya raina shi ba. Ban ce satifiket ba shi da amfani ba. Shirin 3MTT da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2023 ya buɗe wa matasa da yawa ido, ɗalibin jami'a mai wayo ma zai nemi satifiket ɗaya kafin ya gama. Amma shawarar a bar digiri a kama satifiket, ɗan mai hali take wa daɗi, wanda idan ya faɗi akwai mai sake biya masa.

Malam ya kafa hujja da matashin nan na Ingila, Marcus Hutchins, wanda ya koya wa kansa aikin a ɗakinsa, ya kuma taka wa annobar muguwar manhajar WannaCry birki a watan Mayun 2017 yana ɗan shekara 22, bayan ta durƙusar da asibitoci a Birtaniya. Gaskiya ne. Sai dai Malam ya tsaya a rabin labari. A watan Agusta na shekarar aka kama Hutchins a Las Vegas saboda wata manhajar satar bayanan banki da ya taimaka aka rubuta shekarun baya, a 2019 kuma ya amsa laifi. Alƙali ya yi masa sassauci saboda ya riga ya gyara halinsa. Yaro ne mai baiwa da ya tashi ba malami a kansa, sai zaurukan intanet, mutanen da ya fara haɗuwa da su a can kuwa ɓarayi ne. Misalin da Malam ya kawo don ya rusa digiri shi ne ya fi nuna amfanin a sa yaro a hannun malamai.

Wannan ya kawo mu ga 'yan Yahoo. Zambar da ta ɓata wa Najeriya suna ba ta taɓa jiran jami'a ba. Yawancinta yaudara ce: saƙon imel na ƙarya, shafin bogi mai kama da na gaske, kiran waya da sunan ma'aikacin banki ana neman lambar BVN ko lambar sirri. Obinwanne Okeke da aka ɗaure shekara 10 a Amurka a 2021 kan kusan dala miliyan 11 na kamfanin Unatrac, ta saƙon yaudara aka samu shiga akwatin imel ɗin babban jami'in kuɗin kamfanin. Ramon Abbas, wato Hushpuppi, da aka kama a Dubai a 2020 aka yanke masa wata 135 a 2022, ba a san shi da wata gwanintar fasa kwamfuta ba. Inda aka ga ilimi shi ne ɓangaren waɗanda suka kama su, waɗanda suka bi doka suka karɓo bayanai daga kamfanoni, suka ɗinke lambar waya da adireshin imel da saƙonni har hujja ta yi ƙarfin da mai laifi ya ga gara ya amsa. Ɓarawo ba ya buƙatar digiri. Mai kama shi ta hanyar da kotu za ta yarda ne ke buƙata. A aji ne kuma ake fara gaya wa yaro cewa shiga kwamfutar wani ba izini laifi ne a Dokar Laifukan Intanet ta 2015 da aka gyara a 2024, cewa sashe na 37 na kundin tsarin mulki ya kare sirrin wayar ɗan ƙasa, cewa akwai Dokar Kare Bayanai ta 2023, kuma ko gwajin tsaro za ka yi wa kamfani sai da izini a rubuce. Bidiyon da ke koya maka kutse cikin minti goma ba ya tsayawa kan wannan.

Inda Malam ya taɓa gaskiya shi ne halin jami'o'in. Akwai sassan da suka sauya allon ƙofa kawai, malaman jiya ne da takardun jiya. Akwai ɗaliban da za su kai aji uku suna haddace ma'anoni ba su taɓa buɗe kwafin rumbun ajiya ba. Ga wuta, ga yajin aiki irin na 2022 da ya cinye wata takwas. Kayan aiki irin Cellebrite da EnCase kuwa kuɗinsu ya fi ƙarfin yawancin sassa. Duk na yarda. Amma hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Tsadar kaya ma uzuri ne da ya fara tsufa, domin Autopsy da Wireshark da Volatility da Kali Linux duk kyauta ne, kuma da su da tsofaffin kwamfutoci goma malami mai himma zai koyar da mafi yawan abin da ake buƙata. Sabon tsarin manhajar karatu da hukumar NUC ta ƙaddamar a Disambar 2022 ya bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin ɗari ta cike da abin da ya dace da yankinta. Me zai hana sashen tsaron intanet ya gayyato malamin tsangayar shari'a ya koyar da Dokar Shaida, a kuma shirya kotun gwaji inda ɗaliban lauya za su yi wa ɗaliban kwamfuta tambayoyin ƙure? Sau da yawa gine-ginen biyu a harabar jami'a ɗaya suke. Watanni shida na horon aiki, wato SIWES, kuma a nema wa yara gurbi a bankuna da kamfanonin sadarwa da hukumomin bincike, maimakon a bar su suna buga takardu a shagon kwafi. Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna tana cikin na farko da suka buɗe wannan sashe, yanzu kuma akwai shi a Jami'ar Bayero, da Jami'ar Tarayya ta Dutse, da Kwalejin Horar da Hafsoshi da Cibiyar Fasaha ta Sojan Sama a Kaduna, da Jami'ar Sojan Ƙasa ta Biu. Alƙalami irin na Malam, da ya juya shi kan shugabannin waɗannan makarantu da asusun TETFund yana tambayar ina ɗakunan gwaji, da ya yi wa iyaye aikin da ya fi korar 'ya'yansu.

Akwai wata suka da ta fi ta Malam nauyi, duk da bai kawo ta ba: wasu malaman fannin suna ganin gara yaro ya fara karanta kimiyyar kwamfuta zalla, ya ƙware a tsaro a digiri na biyu. Magana ce ta masu hankali, kuma wanda ya bi wannan hanya bai ɓata ba. Sai dai yara nawa ne a gidajenmu ke samun damar digiri na biyu? Kuma shekarun farko na kwasa-kwasan biyu kusan abu ɗaya ne, lissafi da rubuta manhaja da tsarin na'ura.

Abin da ya fi damuna da shawarar Malam shi ne wanda aka ba ta. Hausawa yake wa magana, mutanen da rayuwarsu ta riga ta koma cikin waya ko sun shirya ko ba su shirya ba. Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023, mai shayi da mai nama da ɗan Kantin Kwari duk tiransifa suke karɓa, alat na bogi kuma ya biyo baya. Masu garkuwa da mutane da waya suke ciniki. A kotunan shari'a mace na zuwa da saƙon saki a wayarta, miji ya rantse ba shi ya rubuta ba. Tun Oktoban 2018, lokacin da jaridar Daily Nigerian ta saki bidiyon da ake zargin gwamnan Kano na lokacin da karɓar daloli, shi kuma ya musanta ya ce haɗa shi aka yi, Kanawa suka shafe shekaru suna gardama kan tambayar da asalinta ta masu binciken na'ura ce. Yanzu da manhajojin kwaikwayon murya da fuska suka shiga hannun kowa, irin wannan tambaya za ta riƙa tasowa kan malami da sarki da matar aure. Saƙonnin da ke cikin waɗannan wayoyi da Hausa suke, da Fulatanci, da Barbarci, wasu na murya ne, cike da zaurance da habaici da laƙabin da sai ɗan gari ke ganewa. Manhajar da aka ƙera a waje ba za ta fassara su ba, ƙwararren da aka ɗauko daga nesa ma sai ya nemi tafinta, tafinta kuwa wani giɓi ne da lauya zai shiga ta ciki. Ga kuma 'yan matan da ake yi wa barazana da hotunansu, waɗanda da yawansu sun gwammace su haɗiye baƙin ciki da su miƙa wa namiji baƙo wayarsu. Muna buƙatar mata a wannan fanni fiye da yadda muke zato, kuma uban da zai bar 'yarsa ta je jami'a ba lallai ya bar ta ta koyi kutse a zaurukan intanet ba.

Don haka iyaye, idan yaronku ko 'yarku na da ƙarfi a lissafi da fiziks, yana da haƙurin zama kan matsala guda har dare, kuma kun shaide shi da riƙon amana, kada maƙalar Malam ta sa ku hana shi. Ku dai yi abin da Malam bai ce ku yi ba. Kafin a cike fom, ku je sashen da ƙafarku, ku tambaya ko NUC ta amince da kwas ɗin, ku ce a nuna muku ɗakin gwaji, ku tare ɗan aji huɗu ku tambaye shi ko ya taɓa ɗaukar kwafin rumbun ajiya da hannunsa, da kuma wanda ke koya musu Dokar Shaida. Idan amsar ba ta gamsar da ku ba, ku sauya makaranta, kada ku sauya wa yaron fanni.